Sanɗa ko Gaba-da-Gaba: Wasan Skyrim a Wani Zaure na Batsari

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Kafin nan, a ƙarshen Agusta, Gwamna Aminu Bello Masari ya riga ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Ni kuwa na dawo gida ne da niyyar tattara tatsuniyoyi daga bakin tsofaffin ƙasar Ruma domin kundin digirina na biyu. Sai na tarar ƙauyukan da na jera a takarda wasu sun watse, wasu kuma babu ɗan acaɓar da zai yarda ya kai ni. Tsofaffin da nake nema su ne suka taso da ƙunshin kayansu suka same ni a gari, kuma abin da ke bakinsu ba tatsuniya ba ce.

Cikin waɗanda suka taso akwai gwaggona, daga wani ƙauye da ke yankin Runka, a bakin Dajin Rugu. Ta zo da autanta, taubashina, yaro mai shekara 14 da a da ba ya ganina bai tsokane ni ba. A wannan zuwan ko gaisuwa sai an ciro ta daga bakinsa. Mahaifinsa ya tsaya a can yana jiran ya ga ko za a bari a girbe gero.

A kwamfutata ta tafi-da-gidanka akwai wani wasa da wani aboki ya sa mini tun muna Zariya, The Elder Scrolls V: Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011. Ba ya buƙatar intanet, shi ya sa ya zama abin da ya rage mana. Batirin sola na maƙwabcinmu kan ba mu kamar awa ɗaya da rabi bayan isha'i. Ga wanda bai san irin wannan wasa ba, abin da ake yi shi ne mutum ya ƙera jaruminsa, ya zaɓa masa jinsi da kama da suna, sannan a sake shi cikin wata ƙasa ta duwatsu da ƙanƙara mai sarakuna tara, ya je inda ya ga dama. Akwai fannonin gwaninta 18, daga harbin baka da ƙira zuwa tsafi da haɗa magani da sane, kuma kowane fanni yana ƙaruwa da yawan aikata shi. Babban labarin kuwa na waɗansu manyan macizai ne masu fikafikai da aman wuta, waɗanda suka farfaɗo bayan an ɗauka sun ƙare. Mai nazarin adabinmu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tafiyar neman abu mai wuyar samu ita ce ƙashin bayan Ruwan Bagaja, jarumin da ke ratsa duniyar aljanu yana nan cikin Ganɗoki na Bello Kagara, sannan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya nuna tun tuni cewa jarumin wata ƙasa mai sanyi yana iya zama a bakin Bahaushe ya miƙe ƙafa.

Dabarata a wasan ita ce wadda akasarin waɗanda suka daɗe a cikinsa ke ƙarewa a kanta, ko da wace niyya suka faro: sanɗa da baka. Dalilin lissafi ne. Kibiyar da aka harba daga ɓoye tana yin lahani ninki biyu, in kuma gwanintar sanɗa ta kai maki 40 aka buɗe wata baiwa, sai ta koma ninki uku. Mutum zai tsuguna a duhu, ya auna na gefe ya kayar, ya ja da baya ya jira. Sauran za su taso su yi ta lalube na ɗan lokaci, in ba su ga kowa ba sai su koma mazauninsu suna cewa iska ce, alhali gawar ɗan'uwansu na kwance a gabansu. Da haka mutum ɗaya marar sulke zai share sansanin mutum goma ba a ko ƙwarzane shi ba. Har yau ina nan a kan cewa, ga mai son ya tsallake matakan farko ba tare da yawan mutuwa ba, babu dabarar da ta kai wannan. Ya zuba ladan da yake samu a fanni biyu ko uku kawai, kada ya warwatsa. Ya riƙa tsinkar kowane ganye da ya gani domin haɗa magani. Ya bar tarkacen ƙarfe a inda ya gan su, tunda nauyin 300 kaɗai jarumi ke iya ɗauka a farko. Kuma kome runtsi kada ya taɓa kazar mutanen Riverwood, domin a kan kaza ɗaya gari guda zai taso masa.

Na kasance ina alfahari da wannan salo, har ina yi masa fassara ta malanta. Nakan ce ai wannan shi ne tafarkin Gizo: ƙaramin da ke cin babba da wayo, ba da ƙwanji ba. Mako guda yaron yana zaune a gefena bai ce uffan ba. Daren da na miƙa masa kwamfutar, sai ya ƙera nasa jarumin, ya ɗaura masa sulke mai nauyi da kwalkwali, ya ɗauki gatarin da sai an sa hannu biyu, ya doshi sansanin ɓarayi na farko da rana tsaka, ta ƙofar gaba. Aka kashe shi. Ya danna F9, maɓallin da ke mayar da mutum inda ya adana wasansa, ya sake komawa. Aka sake kashe shi. A karo na biyar na ce masa ya tsuguna, ya jira dare, ya bi ta bayan dutse.

"Yaya, ai su ne ke zuwa da dare," in ji shi, idonsa na kan allo.

Ban sake ba shi wannan shawara ba. Gaskiya ma daga ranar na kasa tsugunawa a duhun wasan da irin nishaɗin da, domin na gane cewa a lissafin da nake yabo, wanda ke kwance a bukka bai san hawa ba bai san sauka ba shi ne abin harbi, ni kuma ina wajen da mutanen Runka suka san ko su wane ne ke tsayawa. Gizo na tatsuniya yana da daɗin ji ne saboda mai sauraro yana bayansa. Ban taɓa tambayar yadda labarin yake a kunnen wanda Gizo ya cuta ba.

Sannu a hankali na lura yaron yana da tasa dabarar, kuma ba ta wauta ba ce. Ya koyi tare sara da ƙotar gatari kafin ya mayar. Ya koyi ja da baya zuwa ƙofa ko matsattsiyar gada domin kada a kewaye shi. Duk sanda ya hau mataki, ƙarin maki goman da ake bayarwa a lafiyar jiki yake zuba su, bai taɓa ba tsafi ko ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya yi da babban labarin. Macizan nan ba su fara yawo a sararin sama suna faɗa wa matafiyi sai an kashe na farko a hasumiyar da ke yamma da birnin Whiterun. Da na gaya masa haka, sai ya ƙi zuwa hasumiyar gaba ɗaya. Ya bar sarkin birnin yana jira, ya bar duniya ba ta san an haifi mai ceton ta ba. Shi ɓarayi kawai yake nema. Wasan kuwa ba ya rowar su: mai masauki ko wakilin sarki zai ba ka takarda, ka je ka kashe shugaban wani sansani a biya ka zinari 100. Sansanin da aka share kuma yakan sake cika bayan kwana 30 na cikin wasa. Sai na ga yaron ya tsayar da jaruminsa a bakin hanya yana danna maɓallin jira, awa 24 bayan awa 24, har wata ya cika, sannan ya koma wurin da ya riga ya share. Ban san ko masu ƙera wasan sun yi tunanin abin da wannan ƙa'ida ke nufi ga mutumin da ya ga sulhun 2019 da abin da ya biyo bayansa ba. Su dai sun sa ta ne don kada mai wasa ya rasa abin yi.

Akwai wani abu mai kama da wannan. Ɓarawon wasan in ya ji jiki yakan durƙusa ya nemi a yi masa rai. In ka ƙyale shi, da ƙarfinsa ya ɗan dawo sai ya miƙe ya sare ka. Babu wata hanya ta karɓar tubansa. Ni a wurina wannan nakasu ne a ginin wasan, ragwanci ne na masu tsara shi. A wurin yaron kuwa nan ne kaɗai wasan ya faɗi gaskiya.

Gwaggo ta fara leƙowa ne don ta kore mu mu kwanta, daga baya ta riƙa jawo tabarma. Ranar da aka isa hasumiyoyin Valtheim, inda ɓarayi suka tare hanyar da ta bi gaɓar kogi gabas da Whiterun suna neman zinari 200 kafin a wuce, na fassara mata abin da ake faɗa. Mai wasa yana iya biya, ko ya nemi ragi da daɗin baki, ko ya tsorata su, ko ya zare makami.

"Ka ba su, ɗan nan," in ji ta. "Kuɗi ake nema, ba a neman rai."

"Inna, in na ba su gobe ma suna nan."

"In ba ka ba su ba kai ne ba ka nan."

Ya zare gatari. Ita kuma ta tashi ta shiga ciki. Sai washegari na ji daga bakin mahaifiyata cewa a makon da suka baro ƙauye an yanka wa kowane gida abin da zai kawo, kuma tunkiyar gwaggo biyu aka sayar a ɓoye aka cika nasu kason. A Skyrim ma akan ci karo da manomi a hanya yana jan saniya da aka yi wa zane a jiki, zai kai wa ƙattan daji don su bar masa sauran garkensa. Mai wasa a wata ƙasa zai ɗauke shi ado ne na tatsuniya. Mun gamu da shi sau ɗaya, na yi shiru ban fassara ba.

A nan ne abin ya taɓa aikina. Tatsuniya tana da ƙofa biyu: ana shiga da "ga ta nan ga ta nanku", ana fita da "ƙurunƙus", kuma mabuɗin duka biyun yana hannun babba. Ita ke sanin inda za ta tsaya, ita ke kallon fuskar yaro ta rage wa Dodo haƙori in ta ga tsoro ya yi yawa. Sa'idu Ɓaɓura Ahmad ya gina nazarinsa a kan cewa mai ba da tatsuniya mai fassara ce, ba mai maimaitawa ba. A wannan wasa an miƙa wa mai sauraro matsayin mai bayarwa, amma ba a ba shi ƙurunƙus ba. Yana iya komawa daren nan guda sau ɗari. Na daɗe ina auna ko wannan magani ne ko kuwa sosa gyambo, kuma ina ganin duka biyun ya yi wa taubashina, a darare daban-daban. Abin da na tabbata shi ne a kan wasan bakinsa ya buɗe. Ya raɗa wa wurare sunayen Hausa, ya mayar da sarkin Whiterun Hakimi, masu gadin birni 'yan sa-kai, ya koma tsokanata yana kirana malamin laɓe. Muna da tarin rubuce-rubuce a kan yadda finafinan Indiya suka shiga Hausa, wanda Abdalla Uba Adamu da wasunsa suka yi wa hidima, amma irin wannan fassara ta baki da yara ke yi a gaban allo, a shagunan wasa da zauruka, tana wucewa ba mai ɗauka.

Ƙorafina na gaske a kan wasan shi ne wannan: Dodon tatsuniya yana da gida da mata da magana, har alkawari ake ƙullawa da shi. Ɓarawon Skyrim kuwa, in ban da ɗaiɗaiku, ba shi da suna, ba a san inda ya fito ba, ba a san abin da ya kai shi daji ba. An halicce shi ne don a kashe. Wata ƙungiya ɗaya a yammacin ƙasar, Forsworn, ita aka ba tarihi, cewa an ƙwace musu ƙasa ne suka shiga duwatsu. Na so in ja wannan zance wani dare, in kai shi ga burtali da makiyaya da yadda Rugu ta zama abin da ta zama. Na dubi gwaggo na haɗiye. Akwai tambayar da ta dace da ɗakin taron jami'a wadda ba ta dace da tabarmar wadda ta baro ɗakinta da tukunya a wuta ba.

Da sanyi ya shigo suka koma Katsina wurin wani kawunsa, tun kafin sabis ya dawo. Geron bai shigo gida ba, amma mahaifin ya fito lafiya. Bayan watanni na buɗe wasan na ga ajiyarsa tana nan a ƙarƙashin tawa. Na shiga ina tsammanin in tarar da jarumin a bakin wani sansani. Sai na same shi a wata gona a wajen ganuwar Whiterun, gatari a baya, jakarsa cike da kabeji da dankali. A wasan ana iya tsinkar amfanin gona a kai wa manomi ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aikin da kusan kowa ke wucewa. Na kira wayar kawun aka ba shi, na tambaye shi me ya kai jarumi cikin kabeji.

"Ya nuna ne, Yaya," ya ce, "kuma ba wanda ke cirewa."