Balmoral: Gidan Da Aka Ɓoye Wa Marayu Jaridu

Daga birnin Aberdeen na ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila, tafiyar wajen mil 50 ce yamma zuwa gidan sarautar Balmoral. Hanyar mota tana bin gaɓar Kogin Dee, ta ratsa gonaki da kurmi, ta wuce garin Ballater, har ta kawo matafiyi bakin wata gada ta ƙarfe. A ƙetaren gadar nan ƙofar gidan take. Ginin na dutse ne, da doguwar hasumiya mai agogo, can bayansa kuwa ga Dutsen Lochnagar, wanda ƙanƙara kan daɗe a kansa bayan wucewar hunturu. Wuri ne tsit, ba a jin kome sai ƙarar ruwa da iska.

Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, shi ya sayi filin a 1852, aka gama ginin a 1856, tun daga nan kuwa sarakunan Ingila ke zuwa hutu da iyalinsu. Da Albert ya rasu a 1861, sai Sarauniya ta sa aka gina masa dala ta duwatsu a kan wani tudu, tana nan har yau, ita kuma ba ta tuɓe baƙaƙen tufafi ba har ta rasu a 1901. Watau gidan ya san makoki, a fili kuma aka yi shi. Amma akwai wani makokin da aka yi a nan a ɓoye, na yara biyu.

A hutun 1997 Yarima William, ɗan shekara 15, da ƙanensa Harry, ɗan shekara 12, suna Balmoral tare da mahaifinsu Yarima Charles, wanda shi ne Sarki yanzu, da kakarsu Sarauniya Elizabeth. Mahaifiyarsu Gimbiya Diana, wadda ta ziyarci Nijeriya a 1990 har ta gaisa da masu jinyar kuturta a Maiduguri, tana Faris. Ta bugo musu waya suna cikin wasa da 'yan'uwansu, suka amsa a gaggauce, suka yi sallama, suka koma wasa. Cikin daren nan motar da take ciki ta yi karo a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, ta cika da asubahin Lahadi, 31 ga Agusta, tana da shekara 36.

Da gari ya waye mahaifinsu ya faɗa musu. A safiyar nan aka sa su a mota aka ƙetare gada da su zuwa cocin Crathie, ɗan ƙaramin gini da ke kan tudu daura da ƙofa, aka yi addu'ar Lahadi yadda aka saba, ba a ambaci sunan marigayiyar ba. Kakarsu ta sa aka kwashe jaridu daga gidan, don kada su ga abin da duniya ke faɗi. Niyyar alheri ce, William da kansa ya yaba mata daga baya. Kwana biyar suka yi a nan cikin wannan shiru kafin a kai su Landan, inda suka bi akwatin gawar da ƙafa ran 6 ga Satumba a gaban dubban jama'a.

Sai bayan shekara 20 aka ji abin da ke cikin zukatansu. A wani shirin talabijin na 2017 dukansu biyu suka ambaci wayar nan, Harry ya ce zai yi ta nadamar gajartarta muddin ransa. Ko da yake babu yaron da zai san wace magana ce ta ƙarshe, zuciyar maraya ba ta jin wannan hujja. Da na sani ƙeya ce. A 2023 ya ƙara da cewa laifi ya kama shi sa'ad da yake gaisawa da masu makoki a ƙofar gidan Kensington, domin baƙi da ba su taɓa ganin mahaifiyarsa ba suna ta hawaye, shi kuwa idonsa a bushe. Sau ɗaya tak ya yi kuka, wajen binne ta.

Abin da ya fi wannan ban tausayi, yaron bai yarda ta mutu ba. Shekara da shekaru yana zaton ɓuya ta yi don ta huta da masu ɗaukar hoto, wata rana za ta aiko a kai su wurinta. In aka dubi gidan da ya tashi ciki, wannan zato ba abin mamaki ba ne. Asirin auren iyayensa a littafi ya fara tonuwa a 1992, shekarar da suka rabu, sa'an nan mahaifiyar ta bayyana wa duniya a talabijin a 1995 cewa akwai wata mace a tsakaninsu, auren ya mutu a 1996. Yaron da ya ga maganar gidansu tana fitowa daga waje, mai yiwuwa ne ya ɗauka mutuwar ma wani asiri ne da manya suka ƙulla. Ga shi kuma bai ga gawa ba, akwati kawai ya gani a lulluɓe da tuta.

Da ya girma sai ya nemi gaskiya da kansa. Ya sa aka kawo masa hotunan haɗarin da hukuma ta adana, a 2007 kuma, yana da shekara 23, ya je Faris ya sa direba ya ratsa da shi hanyar nan da gudun mil 65 a awa, watau gudun da aka ce motar tana yi. Gani ya kori ji. A 2008 masu bincike a Landan suka ɗora alhakin mutuwar a kan gangancin direban, wanda ya sha giya, da na masu bin motar. Duk da haka sai da ya kai wajen shekara 28 kafin ya nemi taimakon masana a kan ciwon zuciyarsa.

Sarauniya Elizabeth ita ma a Balmoral ta rasu, ran 8 ga Satumba, 2022. A yau akan buɗe lambun gidan ga baƙi a wasu watanni na shekara, su zaga, su hau tudu su ga dalar Albert. Daga ƙofa zuwa cocin Crathie tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa. Wanda ya taka ta ya san labarin, da wuya ya rasa tuna wani maraya na kusa da shi, wanda aka kora waje ranar rasuwa, aka ce masa mahaifiyarsa tafiya ta yi. Manya sun ɗauka ya manta, shi kuwa yana nan yana lissafin laifinsa. Abin da yake bukata kaɗan ne: a zaunar da shi a faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa, a tabbatar masa ba shi ya jawo ba, a bar shi ya yi kuka.