Sabulun Man Zaitun na Marsel da Sabulun Salo: Darajar Kayan Talaka a Ƙasar Waje

Abin da ke fara ɓata ran Bahaushe mazaunin kudancin Faransa idan ya shiga neman sabulu shi ne tsadar koren dunƙulen nan mai kusurwa huɗu da ake kira sabulun Marsel, domin kuɗin guda ɗaya na asali ya ninka na sabulun kamfani, alhali tun fil azal sabulun masu wankau ne da matan ma'aikatan tashar jirgin ruwa. Wanda ya tashi yana ganin ana yanko sabulun salo a kasuwar Kurmi ko ta Damagaram a kan kuɗi kaɗan, da wuya ya yarda cewa kayan talaka ya cancanci wannan farashi.

Sai dai tsadar tana da dalili. A shekarar 1688, zamanin Sarkin Faransa Luwi na 14, aka kafa dokar da ta haramta wa masu sabulu na birnin Marsel amfani da kitsen dabba, ta wajabta musu man zaitun zalla. Har yau masana'antu kaɗan da suka rage, irin su Marius Fabre da Fer à Cheval, suna dafa mai da soda a manyan tukwane na kimanin kwana goma, suna wanke haɗin da ruwan gishiri don fitar da ragowar sodar, sannan su buga hatimin da ke shaida cewa kashi 72 cikin ɗari na dunƙulen mai ne. A ƙarni na 19 man gyaɗa da manja daga Afirka ta Yamma suka shiga sana'ar, aka sami farin dunƙule. Saboda haka mai neman na zaitun sai ya duba kore, ya kuma karanta jerin kayan haɗin, tun da doka ba ta kare sunan ba, kuma jabu ya cika kantuna.

Tsofaffin yankin suna morar dunƙule ɗaya ta hanyoyi masu yawa. Sukan goge shi a magogi, su narkar da garin a ruwan zafi ya zama ruwan wankin tufafi, musamman kayan jarirai, saboda ba shi da turare ko rini. Idan wuyan riga ya yi dauɗa ko maiƙo ya ɗiga a kan zane, sai a jiƙa wurin, a goga sabulun, a bar shi ya jima kafin a cuɗa. Ana wanke ƙaramin rauni da shi, ana yin kumfar aski, ana ajiye gutsurensa a cikin kayan sawa don korar ƙwarin da ke cin ulu, kuma masu lambu suna fesa ruwansa a kan ganyen da darɓa ta kama. Wasu ma sukan sa shi a ƙarshen gado wai don hana ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, al'adar da ilimin likita bai tabbatar ba. Wajibi ne baƙo ya san cewa ruwan famfo na wurare da yawa a can yana da farar ƙasa, wadda ke dushe kumfa ta bar fari-fari a jikin tufafi; maganinsa shi ne zuba ruwan khal kaɗan a ɗauraya. Haka kuma sabulun yana busar da fata a lokacin hunturu, don haka wanda ya zo da man kaɗanya daga gida kada ya yi wasa da shi.

A nan ne alfahari ke motsawa, domin duk wannan hidima sabulun salo yana yin irinta, daga wankan jego zuwa maganin ƙuraje, kuma da toka ake haɗa shi ba da sodar masana'anta ba. Amma alfaharin kan rikiɗe ya zama kishi idan aka ga sabulun nan na gida an naɗe shi a takarda mai ado, an jera shi a kantin kayan kwalliya da tsadar da ta kamo ta na Marsel, ba tare da matan da suka dafa shi sun san ko nawa aka sayar ba. Faransawa sun rubuta nauyin sabulunsu da adadin mansa a jikinsa, shi ya sa suke yanke farashi da bakinsu. Na gida kuwa ba ma'auni, ba hatimi, yau laushi gobe zafi. Matuƙar masu dafa sabulun salo ba su haɗa kai sun daidaita awo sun sa sunan garinsu a kan kayansu ba, ribar guminsu za ta ci gaba da tsayawa a hannun mai naɗewa.