Kifin Ulu a Kogin Gurara

Mutumin Suleja da ke aiki a Abuja ya fi sanin duhun asuba a kan hasken garinsa. Tun bayan da aka ƙirƙiro babban birnin tarayya a 1976, muka ba shi tsohon sunan garinmu, daga baya kuma muka ba shi safiyarmu da yammacinmu. Ina cikin masu wannan sammako. Da an sallame sallar asuba sai tasha, sai cunkoson Madalla da na Zuba, ba ni dawowa sai yara sun yi barci. Kullum ina wuce Dutsen Zuma, amma da za a tambaye ni launinsa da damina, ba ni da amsa. A haka hawan jini ya same ni. Likita ya rubuta magani, sannan ya ce in nemi wani abin da hannuna zai riƙa yi, wanda zai sa zuciyata ta zauna wuri ɗaya.

Abin da na samu ya zo ne ta hannun wani abokin aiki da ya yi karatu a Amurka. Da zai bar ofishinmu ya ba ni wata doguwar sandar fatsa mai laushi da ƙaramin akwati. Cikin akwatin akwai ƙugiyoyi da aka lulluɓe da gashi da zare, kowace ta yi kama da ɗan kifi. Ya ce ba a sa musu tana, ba a sa musu tuwo. Su kansu ne abincin.

Na ɗauka sabuwar dabara ce ta Turawa, ashe ta girmi kakannin kakanninmu. Wani marubucin Rum mai suna Eliyan, wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin masuntan Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara biyu, su jefa wa kifi. Daga baya abin ya bunƙasa a Ingila da Amurka, inda aka fara da kwaikwayon ƙananan ƙwari, har aka kai ga kwaikwayon kifi sukutum. Lefty Kreh ya ƙirƙiro nasa a ƙarshen shekarun 1950 don kifin ruwan gishiri na Chesapeake, har hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hoton kifin nasa a kan sarki a 1991. Bob Clouser kuma ya fito da nasa a 1987 don wani kifi da suke kira bass a kogin Susquehanna. Hikimar ɗaya ce ko'ina: babban kifi ƙaramin kifi yake ci, saboda haka ka nuna masa ƙaramin kifi.

Mu ba mu da bass, kuma teku ta yi mana nisa. Amma muna da tsage, muna da giwan ruwa, dukansu mafarauta ne. Sai na ce bari in ɗaura nawa.

Tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su, ba su da ulu. Don haka na nufi Kasuwar IBB, layin da mata ke sayen zaren saƙa hular jarirai. Na ɗauki fari da ruwan toka da kore mai duhu. Mafi yawan abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne, kuma wannan ya zame mini alheri, domin ulun tunkiya na ainihi yana shan ruwa ya yi nauyi, jifarsa na gajiyar da kafaɗa, ga shi yana jinkirin bushewa har ƙugiya ta yi tsatsa. Na roban yana zubar da ruwa da wuri. Inda na ainihin ya fi shi shi ne wajen nutsewa, kuma na gyara wannan da ɗan siririn dalma da nake naɗawa a wuyan ƙugiya. Gezar ragon layya ma ban ƙara bari an zubar da ita ba. In an wanke ta da sabulu an shanya, babu abin da ya kai ta yin wutsiya.

Ga yadda aikin yake. Bayan isha nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in danne ƙugiya a bakin filaya, in naɗe ƙarfenta da zaren tela mai ƙwari. Wutsiya ake fara ɗaurawa: gashin wuyan farin zakara guda huɗu, biyu suna fuskantar biyu, ko tsagin gezar rago. Sannan in yanka ulu tsawon ɗan yatsa, in taje shi da tsohon buroshin haƙori har ya warware ya zama kamar audugar da aka shiɓa. Ana ɗaura shi ne kaɗan-kaɗan, fari a ƙasa, mai duhu a sama, a tura baya da farce, a ƙara wani a gabansa, har a iso kunnen ƙugiya. A wannan lokacin abin ba shi da kan gado, tulin gashi ne kawai. Almakashi ne ke fito da kifin. Sai an yi ta rage shi, kai ya yi kauri, jiki ya sirance zuwa wutsiya, kuma a kula kada ulu ya toshe tsinin ƙugiya. A ƙarshe a manna idanu biyu na dutsen ado, a ɗiga gam a kan ƙullin. Tsawonsa duka bai wuce ɗani ɗaya ba.

Kaurin kan nan yana da dalili. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, da yake jin motsin ruwa da shi. In kifin ulu mai faɗin kai ya ratsa, yana tura ruwa gabansa, mafarauci ya ji shi tun kafin ya gan shi, ko da ruwan ya gurɓace, ko da duhu ya yi.

Wanda ya buɗe mini ido wani tsohon masunci ne ɗan Yawuri, da ke zaune a bakin Gurara wajen Izom. Ya ga ina jifa, ya matso ya karɓi kifin ulun ya jujjuya. Bai yi dariya ba. Ya sa hannu cikin ƙwaryarsa ya ɗauko kawara guda mai rai, ya ɗora a tafina.

"Malam, dube ta da kyau," in ji shi. "Ka ga cikinta? Ka ga inda farin ya ƙare, duhun ya fara? Ka ga jan da ke wutsiyarta?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Ya ce, "Ƙara dubawa. Shi tsage kullum ita yake kallo."

Sai ya sake ta a gefen ruwa, ya ce in kalli tafiyarta. Kifin da ya ji ciwo ba ya tafiya miƙe. Yakan yi fit, ya tsaya, ya karkata, ya ƙara yin fit. Baba ya ce a wannan tsayawar ce ake cin sa. Daga ranar na koma jan zare haka: ja biyu gajeru, in dakata, ja ɗaya dogo, in dakata.

Da sanyin hunturu, lokacin da ruwan Gurara ya janye ya washe, na jefa bayan wani dutse inda ruwa ke juyawa. Na ja, na dakata. Zaren ya fizge har ya ƙona mini yatsa, sai ga tsage ya yi sama, jikinsa na walƙiya, yana girgiza kai. Da na kawo shi gaɓa na ga haƙoransa na sama da na ƙasa suna shiga tsakanin juna, ulun kuwa ya yi kaca-kaca. Dalilin ke nan da ba a fatsar tsage sai an sa ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da zare. A daren nan maiɗakina ta yi mana farfesunsa, duk da yawan ƙayarsa.

Abin da ya fi kifin nan zauna mini a rai shi ne maganar Baba, ƙara dubawa. Ba yadda za a yi mutum ya kwaikwayi abin da bai ƙura wa ido ba, kuma idon da ya saba da ƙurawa ba ya tsayawa a bakin ruwa. Ya biyo ni har gida. Na lura autana yana matse ido in zai karanta allo. Muka je asibiti, aka ba shi tabarau. Na lura mahaifiyata ta daina sallah a tsaye, kuma ba ta gaya wa kowa ba don kada ta ɗora mana nauyi. Na lura da hannun maiɗakina, yadda wanki da girki suka tsattsage shi. Duk waɗannan suna gabana tuntuni. Wanda ke fita da duhu ya dawo da duhu yana ciyar da iyalinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ciyarwa ba ta hana a yi baƙunta a gida ɗaya. Yanzu yaran kan zagaye tabarmar nan, wani na taje ulu, wata na zaɓar idanu, kuma a nan nake jin abin da ke faruwa a makarantarsu.

Wani abokina ya taɓa tambayata ko wannan ba wasa da rai ba ne. Tambaya ce mai nauyi, kuma na girmama ta. Amsata ita ce abin da na kama don tukunya na kama shi, in ya ishe mu in naɗe zarena in tafi. Kifin ulu ma yana da wata fa'ida a nan: a leɓe yakan kama, ba a cika haɗiye shi har ciki ba kamar tana, don haka wanda ba a buƙata ana iya zare masa ƙugiya a mayar da shi lafiya.

Idon nan kuma ya nuna mini abin da ban so gani ba. Rafin Iku da ya ratsa garinmu ya zama wurin zubar da leda da bola. A Gurara na ga gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, an mai da shi koma ana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai farce ba. Na taɓa isa wani gurbi da safe na tarar da kifaye manya da ƙanana sun taso ciki sama, an zuba musu guba da dare. Gamalin da aka daɗe ana wannan ɓarna da shi, sinadarinsa na cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009, kuma dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya. Kifin nan kasuwa yake zuwa, cikinmu yake shiga. Tafkin Shiroro, da aka datse a kan Kogin Kaduna aka fara ba da wuta daga gare shi a 1990, can na fara ganin giwan ruwa ya biyo kifin ulu da magariba, idanunsa na ƙyalli. Yau matsalar tsaro ta sa mutum sai ya yi tunani kafin ya kama hanyar Kuta da Zumba, masuntan yankin da dama sun bar gidajensu. Allah ya kawo musu sauƙi.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne sanin darajar abin da muke da shi. A Kogin Faro na arewacin Kamaru, mutane kan taso daga Turai da Afirka ta Kudu, su biya kuɗi masu yawa, don su jefa wa giwan ruwa irin wannan kifin gashi da dare, su kama su sake. A tafkin Nasser na Masar an kama wanda ya haura kilo 100. A Argungu, inda ake hana shiga kogin Matan Fada sai lokacin biki, an fito da kifi mai kilo 75 a 2005. Kabawa sun san cewa ruwan da aka bari ya huta shi ke ba da babban kifi. A jihar nan tamu kuma, a New Bussa, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya. Ilimi bai yi mana ƙaranci ba.

Manyan giwan ruwa galibinsu mata ne, kuma su ke zuba ƙwai mafi yawa. Ina roƙon duk mai fatsa da Allah ya haɗa shi da irin wannan uwa, in yana da halin haƙura, ya mayar da ita. Ina roƙon sarakunan ruwa da masu unguwanni na bakin Gurara su tsaya a kan maganar guba da gidan sauro, kada su jira sai jami'i ya zo daga Minna. Kai kuma ɗan'uwana mai sammakon Abuja, ranar Asabar mai zuwa ka kama hannun ɗanka ku je bakin ruwa. Daga Suleja zuwa Izom ba ta kai tafiyar awa guda ba.