Ciyawar da Ta Tsare Katanga

Ƙasa ma tana son sutura kamar mutum. In an bar ta tsirara, rana ta ƙona ta, iska ta kwashe ta, ruwan sama kuma ya tafi da abin da ya rage. Mutanen Kwangila, a Zariya, sun san haka, gama da damina ruwa ya kan kwararo da ƙarfi, ya nufi kogin Kubanni, yana ɗauke da jar ƙasa.

A unguwar nan akwai wani tsohon malamin makaranta. Katangar gidansa ta ƙasa ce, kowace shekara kuwa ruwa sai ya ci gindinta. Ya san in aka bar ta haka, wata rana za ta faɗi. Ga shi ba shi da kuɗin siminti. Sai ya tuna da wata ciyawa da ya taɓa gani a Shika.

Sunan ciyawar sitailo. Asalinta daga ƙasashen Amurka ta Kudu da tsibiran da ke kusa da su ne. Ma'aikatan gonar binciken dabbobi ta Shika, wadda aka kafa a 1928, sun daɗe suna gwada ta. 'Yar'uwar gyaɗa ce. Ba ta da tsawo, ta kan baje ne bisa ƙasa. Ganyenta uku-uku ne, furenta kuwa ƙanana ne, rawaya.

Malam ya samo irinta. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, amma ɓawonta yana da tauri, ruwa ba ya shigarsa da sauri. Sabo da haka ya jiƙa irin cikin ruwan zafi wanda bai tafasa ba, na 'yan mintoci, sa'an nan ya shanya a inuwa.

Da damina ta zauna, cikin watan Yuni, ya sassabe gefen katangar, ya barbaɗa takin zamani da a ke kira sufa. Ya gauraya irin da yashi, don kada ya taru wuri guda, ya watsa. Bai binne shi da zurfi ba, ya dai tattake da ƙafa, domin ƙaramin iri in ya nutse ƙwarai ba ya iya fitowa.

Bayan 'yan kwanaki tsiro ya ɓullo, siriri kamar zare. Maƙwabta suka yi ta dariya, suna cewa, "Malam, wannan ne zai tare ruwan Agusta?" Shi dai bai tanka ba. Ya kewaye wurin da ƙaya sabo da awaki. Kowace safiya ya kan tsuguna ya cire sauran ciyayi da hannu, don kada su danne ta.

Kafin ƙarshen damina ta rufe wurin, ta yi fure. Da rani ya yi ta bushe, ta zubar da 'ya'yanta, har aka ce ta mutu. Amma da ruwan fari ya sauka, sai tsoffin gindin suka tofo, sabbi kuma suka tsiro a tsakaninsu. A shekaran nan ruwa ya zo kamar yadda ya saba, ganye ya rage masa ƙarfi, saiwoyi suka riƙe ƙasa. Katanga ta tsaya daram.

Har wa yau ciyawar tana da wani amfani. Saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kamar yadda ta wake ke yi, awaki kuma suna samun abinci. Waɗanda suka yi dariya su ne suka zo roƙon iri. Gaskiyar masu iya magana, sannu ba ta hana zuwa.