Kira Ɗaya, Fuska Biyu

Mai karatu, in ka ga an rubuta "gari", ƙaƙa za ka san ko Maraɗi ake nufi ko na tuwo? Sai ka duba maganar da ta gabace shi. Kullum haka nike faɗa ma ɗalibaina na yaƙi da jahilci a Jiratawa, amma ni da kaina na mance da wannan a wurin karta.

Wasan birij ne, na mutum huɗu, biyu-biyu. Kafin a gama kira ba a gwada ma aboki karta, da kira ake fahimtar juna. To, kiran "4 ba atu" fuska biyu gare shi. In kun riga kun shirya bisa atu, tambaya ce: as nawa gare ka? Wani Ba'amurke, Easley Blackwood, ya ƙago ta a 1933. Amma in ka buɗe da "1 ba atu", abokinka ya tsallaka 4, gayyata ce: in hannunka da nauyi, mu nemi ci 12 cikin 13, in babu, ka yi shiru.

Ran nan maki 15 gare ni, mafi ƙaranci ga mai buɗewa. Shiru ya kamace ni. Sai na shiga ƙidayar as, na amsa biyu. Abokina, wani malami daga Tibiri, yana da 16. Ya zaci na yarda, ya kira 6. Ana son 33, mu kuwa 31 gare mu. Muka faɗi da ci ɗaya.

Har muka kai tasha bai ce mini uffan ba. Ni na biya mashi kuɗin mota.