Sangen da na lulluɓa wa wake

Ni ce ma'ajiyar ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara a nan Tsibiri, kuma abin da zan faɗa laifina ne. Na daɗe ina jin kunyarsa, amma da na ji wata a Jiratawa tana shirin yin irinsa, na ce gara in yi magana.

Bara waccan, da kaka, muka fidda kuɗi daga asusu muka sayi wake buhu shida, a kan mu ajiye har bazara, lokacin da tiya ke tsada. Aka ce a sa a ɗakina. Wasu suka ce a jefa ƙwayar nan da ake kira bom, na ƙi. Ɗakin yana manne da inda jikokina ke kwana, kuma iskar da ƙwayar ke fitarwa tana iya kashe mutum cikin barci.

Sai dabara ta zo mini. Sangen da ake rabawa a likita mai magani ne, sauro na taɓa shi ya mutu. To me zai hana ya kashe ƙwaron wake? Na ɗauko sabo guda da ke cikin ledarsa, bai isa ba, na kwance na gadon yara na haɗa. Na ce wa raina ai sanyi ya shigo, sauro ya tafi. Na lulluɓe buhunan, na danne gefe da duwatsu. Bayan kwana kaɗan na ga ƙwari matattu a jikin sangen. Ranar zubi har alfahari na yi a gaban mata.

Wata uku ban buɗe ba. Ranar da na cusa hannu cikin buhun farko sai na ji ɗumi, kamar an aje shi kusa da murhu. Na damƙo, rabi gari, sauran kuwa ƙwaya ɗaya huda biyu, huda uku. Na zauna a ƙasa, na rasa ko kuka zan yi.

Malamin gona ne ya warware mini. Ya ce ƙwaron ba daga waje yake shigowa ba, tun a gona uwar ke saka ƙwai a jikin kwanson wake. Tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar, a can take ci, a can take girma, cikin kamar wata guda ta fito da fiffike ta saka nata ƙwan. Maganin sange sai wanda ya taɓa zaren yake kashewa. Waɗanda na ga sun mutu ƴan yawo ne, masu ɓarnar suna tsakiyar buhu hankali kwance. Ya ce akwai buhu da aka saƙa da irin wannan maganin, ZeroFly, wanda aka yi shi don ajiyar amfanin gona, amma sangen gado ba a yi shi don ya kwanta kan abinci ba.

A taro na tashi na faɗi gaskiya. Inna, wadda ta girme mu duka, ta dube ni ta ce: “Ɗiyata, waken dai ya tahi. Yaran fa, da mi sunka kwana?” Nan ne ya fi mini ciwo, don ƙaramin ya yi zazzaɓi a watannin nan har muka kwana a likita. Ba zan rantse cewa rashin sangen ne ba, amma ni na san abin da na kwance daga gadonsa.

Ranar Juma'a muka kai waken kasuwar Maradi. Ɗan kasuwa ya watsa shi a tafin hannu, ya hura, ya faɗi kuɗin da ko uwar kuɗinmu bai kai ba. Da aka zo rabo, kowace mace ta ji a jikinta, har da wadda ke jiran nata don kayan ɗakin ɗiyarta.

Bara muka sake, da buhun PICS, mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, ya fara yaɗuwa a ƙasashenmu tun 2007, kuma masu bincike na INRAN a nan Maradi sun gwada shi. Ba magani a cikinsa ko kaɗan. Ƙwarin ne ke shaƙe ƴar iskar da ta rage, in ta ƙare su daina ci, su mutu. Sai dai yana son kula. Wake ya bushe sarai, a fidda tsakuwa da kara kada su huda leda, a duba ledar ko da rami tun kafin a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace daban. A ɗora a kan katako, nesa da bango, saboda kusu. Kuma ba a buɗewa a ɗebi na dafuwa a mayar, ko baƙi aka yi.

Kuɗinsa ya fi na buhun da muka saba, har wasu suka yi gunaguni, amma in bai huje ba ana sake amfani da shi wata shekara. Da bazara muka kwance ɗaurin a gaban kowa. Inna ce ta fara sa hannu, ta ciji ƙwaya ɗaya, ta miƙo mini tiya ta ce in auna. Bana buhu goma muka saya, kuma mata suka ce a mayar da su ɗakina.