Butaro: Asibitin Ciwon Daji da Ya Tafi Inda Marasa Lafiya Suke

A mafi yawan ƙasashen Afirka, idan gwamnati ta tashi gina cibiyar kula da masu ciwon daji, babban birni take nufa. Can ne ake da ƙwararrun likitoci, da wutar lantarki, da filin jirgin sama, da masu hali da za su iya biyan kuɗin magani. Ƙasar Ruwanda ta saɓa wa wannan al'ada. A watan Yuli na 2012 ta buɗe cibiyarta ta farko ta ciwon daji a Butaro, wani ƙauye da ke kan tsauni a gundumar Burera, kusa da iyakar Yuganda, inda sai an yi sa'o'i ana hawa da gangara a mota daga Kigali kafin a isa.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan zaɓi a matsayin ganganci. Shekara 18 kacal ke nan bayan kisan ƙare dangi na 1994, wanda ya halaka ma'aikatan lafiya masu yawa, ya kuma kori wasu daga ƙasar. Ita kanta Burera ba ta samu asibitin gunduma na zamani ba sai a 2011, lokacin da Ma'aikatar Lafiya da ƙungiyar Partners In Health, wadda Dakta Paul Farmer yake cikin waɗanda suka kafa ta, suka buɗe asibitin Butaro. A harabar wannan asibiti aka kafa cibiyar, da haɗin gwiwar cibiyar Dana-Farber da ke Boston a Amurka, a zamanin da Dakta Agnes Binagwaho ke riƙe da ma'aikatar. Ra'ayin da ya fi rinjaye a lokacin shi ne, ƙasa matalauciya ta ji da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka tukuna, ciwon daji kuwa sai ta yi arziki. Butaro ta ƙi yarda da wannan lissafi, domin manomi ma yana kamuwa da sankara kamar yadda attajiri ke kamuwa, bambancin kawai shi ne nasa ciwon ba ya samun suna kafin ya kai shi kushewa.

Matsala ta farko da cibiyar ta fuskanta ita ce rashin ƙwararru. An fara aiki ba tare da likitan ciwon daji mazaunin wurin ba. Abin da aka yi shi ne aka zaɓi nau'o'in ciwon da ake iya warkarwa ko a sassauta su da kayan da ke hannu, irin su sankarar mama, da sankarar ƙoda ta yara da ake kira Wilms, da wasu nau'o'in sankarar jini. Aka rubuta wa kowanne tsarin magani dalla-dalla: wane gwaji za a yi, wane magani za a ɗura, nawa, kuma bayan kwana nawa. Aka horar da likitocin gama-gari da na yara da ma'aikatan jinya su bi wannan tsari, sannan a kai a kai suna tattauna halin marasa lafiya da ƙwararrun Boston ta waya da intanet. Tsokar da aka yanko don a gano irin ciwon, da farko har Boston ake aika ta. Daga baya aka gina ɗakin gwaji a Butaro, ana ɗaukar hoton abin da madubin likita ya nuna a tura wa masana su duba daga nesa. Ma'anar wannan ita ce, an raba aikin ƙwararre ɗaya gida-gida, aka miƙa kowane ɓangare ga wanda zai iya ɗaukarsa.

Amma darasin da ya fi girma bai fito daga ɗakin ɗura magani ba. Ba a jima da buɗe cibiyar ba likitoci suka lura cewa yawancin matan da ke zuwa da sankarar mama sun zo ne bayan ciwon ya riga ya ci jiki. Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora laifin a kan jahilci ko dogaro da maganin gargajiya. Sai dai binciken da aka yi a kan matan da suka zo Butaro, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna wani abu dabam. Daga ranar da mace ta fara jin ƙullutu zuwa ranar da aka tabbatar mata da ciwon, sau da yawa ana haura shekara guda. Kuma jinkirin da ake samu bayan ta riga ta kai kanta ga ma'aikacin lafiya bai gaza wanda ta yi a gida ba. Ta je ƙaramin asibiti, an ba ta maganin ƙurji an sallame ta. Ta koma, an sake ba ta wani. Kafin a rubuta mata takardar zuwa gaba, watanni sun shuɗe. Wato ba majinyaciya kaɗai ta makara ba, tsarin ma ya makarar da ita.

Daga nan cibiyar ta fita daga harabarta. Ruwanda tana da dubun-dubatar ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda mutanen gari ke zaɓa daga cikinsu, su ne ke bin gida-gida a kan rigakafi da awon ciki. A Burera aka koya musu alamomin sankarar mama da yadda za su yi wa mata bayani ba tare da tsoratarwa ba. Aka koya wa ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci yadda ake duba mama da hannu, aka ware ranakun wannan aiki, aka kuma shata wace mace za a sake gani bayan ɗan lokaci, wace ce za a tura Butaro nan take. Sakamakon ya nuna ƙaruwar matan da ake gano ciwonsu tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sankarar mama da aka kama da wuri tiyata da magani kan kawar da ita, wadda ta bazu zuwa ƙashi da huhu kuwa sai dai a rage raɗaɗinta.

Isowa asibiti rabin tafiya ce kawai. Maganin ciwon daji ba allura ɗaya ba ce. Ana ɗura shi zagaye-zagaye, galibi duk bayan mako uku, tsawon watanni, kuma wanda ya tsallake zagaye biyu ya ba ciwon damar farfaɗowa. Ga macen da ke noman wake da dankali a gefen tsauni, kowane zuwa yana nufin kuɗin mota, da kwanakin da gona za ta zauna ba mai duba ta, da yaran da za a bar wa maƙwabta. Saboda haka Butaro ta ɗauki kuɗin mota da abinci a matsayin wani ɓangare na magani. Ana ba da maganin ciwon daji kyauta, ana tallafa wa mafi talauci da kuɗin sufuri da kayan abinci, kuma idan majinyaci bai zo ranar da aka sa masa ba, ana kiran waya ko a nemi ma'aikacin lafiyar ƙauyensu ya je ya duba. Mai lissafin kasafi zai iya ganin wannan a matsayin sadaka. A haƙiƙa tattali ne, domin magani mai tsada da aka yanke shi a tsakiya asara ce biyu, ta kuɗi da ta rai.

Cibiyar ba ta yi aiki ita kaɗai ba. A 2011 Ruwanda ta fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin ƙwayar HPV, wadda ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, ta hanyar makarantu, kuma a shekarar farko ta kai ga fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka nufa. Najeriya ba ta shigar da wannan allura cikin rigakafin yau da kullum ba sai a watan Oktoba na 2023. Inshorar lafiya ta al'umma da Ruwanda ke da ita ta sauƙaƙa wa talaka taka ƙofar ƙaramin asibiti tun farko. Ga waɗanda ciwonsu ya wuce warkewa kuma, ƙasar ta tsara manufar kula da su tun 2011, tana haɗa maganin kashe raɗaɗi na mofin mai ruwa a cikin gida, domin mutum ya ƙare kwanakinsa a ɗakinsa cikin mutunci.

Duk da haka akwai giɓi. Shekaru da dama Ruwanda ba ta da na'urar gashin ciwon daji ko ɗaya, sai dai a tura 'yan kaɗan Kampala, bayan na'urar can ta lalace a 2016 kuma a koma Nairobi. Likitocin Butaro sun sha zama su zaɓi wa za a tura, wa za a bari, saboda kuɗin ba ya isar kowa. Sai a watan Fabrairu na 2020 aka ƙaddamar da cibiyar gashi a asibitin sojoji na Kanombe da ke Kigali. Har yanzu kaso mai yawa na kuɗin Butaro daga masu ba da agaji na waje yake fitowa, kuma nisan da ya sa ta kusanci mutanen Burera shi ne ya nisanta ta da mutanen kudancin ƙasar, balle masu tsallakowa daga Burundi da gabashin Kwango.

Paul Farmer ya rasu a Butaro a watan Fabrairu na 2022, kusa da jami'ar koyar da aikin likita da aka gina a tsaunin da ke kallon asibitin. Ɗaliban da ke karatu a can suna koyon aiki a gundumar da shekaru kaɗan da suka wuce ba ta da asibitin kirki ko ɗaya. Abin da suka tarar shi ne, ana auna cibiyar ciwon daji da tambayoyi uku: a wane mataki ciwon yake sa'ad da majinyaci ya iso, watanni nawa ya ɓata a hanya, kuma cikin waɗanda suka fara magani mutum nawa suka kai ƙarshensa. Babu ɗaya daga cikin amsoshin da ake samu a cikin ginin kaɗai. Ana samun su ne a ƙauye, a ƙaramin asibiti, da kuma a tashar mota.